Akwatin da ke Jiranki a Gafasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sa'adatu, bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya kai ku Gafasa lafiya, ke da Sulaimanu, wannan ɗan mijin nawa mai kukan tsiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na direbobin da ba sa ganin rami sai sun faɗa ciki. Ya sa ki iske mijinki da mutanen gidansu lafiya, ya wadata ki da ruwan nono, ya ba ki barci. Amin.

To, gaisuwa ta ƙare. Kada ki ɗauka takardar sa albarka ce kawai, don raina a ɓace yake, kuma da ke nake. Na zauna rubutu ne saboda na gwada magana da baki ta ƙi. Da na fara sai ki sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi, kina ce mini "to, Umma". Ni kuwa na san wannan "to" ɗin, ta a rabu lafiya ce. Ga gida cike da masu daka da masu suyar garar komawarki, ba inda za mu keɓe ba a sa mana kunne ba. Shi ya sa na kulle kaina a ɗakin Babanku da azahar ɗin nan. Zan cusa takardar cikin jakar garin kununki, inda na tabbata hannunki zai riga na kowa.

Maganar akwatin surukarki ce, Hajiya Tabawa. Zan maimaita miki abin da ya faru ranar Laraba kamar ba kya wurin, domin yadda kika yi, ba ki da maraba da wadda ba ta nan. Hajiya ta taso daga Gafasa ganin jikanta, ta sa aka shigo da akwatin ƙarfe, ta buɗe shi a tsakar ɗaki tana ta murna. Kayan jarirantakar mijinki Nasiru ne ta adana tun yana cikin tsumma: hulunan saƙa, 'yan riguna, bargo, zanen goyo. Ni ina madafa ina duba ruwan wankanki. Wallahi tun daga bakin ƙofa warin kafur ya dake ni. Ina shiga na tarar ta riga ta sa wa yaron hula, ta naɗe shi da bargon har hanci, tana yi masa rawa a cinya. Ke kuma kina gefen gado, kin kau da kai kina kallon bango kamar ɗan maƙwabta aka ɗauka.

Ke, Sa'adatu! Ke da idon yaron nan ya yi ɗorawa a hannunki tun kafin suna, muka kwashe shi zuwa asibiti a Kano, ya kwanta tsirara ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske an rufe masa ido. Ke da likita ya ɗebi jininsa, ya dawo ya ce yana da ƙarancin abin nan da ake kira G6PD, ya dubi tsabar idonki ya ce ko ƙamshin kafur kada ya kusance shi. Ke da kika share shekaru a jami'a kina karanta ilimin sinadaran jiki, har kina gyara mini bayani idan na yi kuskure. Duk wannan, aka naɗe ɗanki da guba a gabanki, ba ki ce uffan ba.

Da baƙi suka watse na tsare ki na ce, "Me ya hana ki magana?"

Kika ce, "Umma, ɗan fari ne fa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban Hajiya in ce a cire masa? Sai a ce ba ni da kunya, tun yanzu na fara rawar kai a kan ɗa."

Kin ga na juya na fita ban ba ki amsa ba, kika zaci na haƙura. Ban haƙura ba. Na fita ne don na ji maganata ta fito daga bakinki, ba ki rage ko harafi ba, kuma da na tsaya da na mare ki da jego a jikinki.

Kin san Yayanki, tare kuka tashi, kin sha ba shi abinci a baki. Kin san kafur ne sanadin lalurarsa, ban taɓa ɓoye muku ba. Amma da alama kin san shi ne kamar yadda ake sanin darasin jarrabawa, don haka bari in faɗa miki yadda abin ya kasance a ɗaki.

A Kademi na haife shi, gidan su Babanku. Mahaifiyata ta riga ta rasu, ba inda zan je wankan gida, sai na zauna a hannun surukata, Inna Delu. Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ga tsabta. A wurinta kayan da ba sa warin kafur ba su da maraba da na bola, saboda kyankyasai da asu sun sha cinye mata tufafi a ɗakin ƙasa. Tun ina da ciki ta jera wa jariri kaya a akwati, ta zuba farin ƙwallayen nan a kowane lungu, har ƙarƙashin matashinsa ta sa. Ni kuwa lokacin ina sabuwar malamar kimiyya, ina ji da kaina, amma ban san kafur yana yi wa wani jini illa ba. Wannan jahilci ne, kuma ba shi ne ke hana ni sukuni ba.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ni na fara ganin idonsa. Ina ba shi nono da hantsi, haske ya faɗo masa a fuska, na ga farin idon ya koma kamar an ɗiga masa ruwan ɗorawa. Amma uwar ɗan fari ba ta duban fuskar ɗanta a gaban mutane, balle ta ce ta ga wani abu. Na yi ta juya maganar a ciki har na samu yayar Babanku ita kaɗai a bakin murhu, na ce a hankali, "Yaya, kamar idon yaron nan ya canja."

Ta tafa hannu ta ce, "Iye! Jama'a ku zo ku ji, amarya har ta fara leƙa idon ɗanta. Kai, yaran boko!"

Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Ba mugunta suka yi ba, tsokana ce irin wadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma ɗaki, ban sake tayar da zancen ba. Kuskurena na farko ke nan.

Dariyar nan ce kike tsoro, na sani. To ki ji daga wadda ta biya kuɗinta: dariyar ba ta kai la'asar ba kowa ya manta da ita, ni kuwa yau Yayanki ya haura talatin ina wanke masa jiki. In sun ce ba ki da kunya, ki ce kin ji. In sun ce 'yar boko, ki ce haka ne. Kunya abin ado ce a inda ba rai a ciki, ni ma na koya miki ita kuma ban yi nadama ba. Amma ban taɓa koya miki ki zuba ido a cuci jariri don a yaba miki ba.

Kuskurena na biyu jira ne. Da ɗorawar ta sauko har ƙirjinsa kowa ya gani, sai aka ce ai shawara ce, wane jariri ne ba ya yi. Aka riƙa shanya shi a ranar safe, aka dafa saiwoyi ana ɗura masa. Da aka ga ba ya jin daɗi kuma sai aka ƙara lulluɓe shi da bargon nan mai kafur, wai kada iska ta buge shi. Ya daina kama nono. Kukansa ya canja, ya koma siriri mai tsini, irin wanda in kika ji sau ɗaya ba kya mantawa. Ya fara banƙarewa yana tura ƙeya baya. Aka ce iska ce, aka kawo turare da rubutu. Ba na raina addu'a, da ita nake tsaye har yau. Amma Wanda muke roƙo shi ya halicci magani, ya kuma ba mu ƙafar zuwa nemansa.

Na san asibiti ya kamata a tafi. Sai dai an sayi rago, an raba goron suna, dangi sun fara sauka daga ƙauyuka. Wa zai ce a fasa? Na ce a raina bari a yi suna tukuna. Aka yi suna, aka ci aka sha, maroƙa suka yi kirari, yaro yana ɗaki yana banƙarewa. Sai da taro ya watse Babanku ya samo mota muka zo Gaya, daga nan aka tura mu Kano. Likitan da ya karɓe shi ya ɗaga fatar idonsa, ya dube ni ya ce, "Ke ce uwar? Ina kike tun tuni?" Aka canja masa jini, rai ya tsira, amma ɗorawar ta riga ta hau ƙwaƙwalwa. Kunne ya tafi, wuya ya karkace, hannuwa suka daina bin umarninsa. Hankalinsa kuwa garau, kin sani, ya fi na wasu masu yawo da ƙafafunsu.

Don haka ki buɗe ido. Ba zan yi miki ƙarya don in tsorata ki ba: Sulaimanu ya wuce kwanakin da shawara ta fi hawa kai, tunda ga shi kun yi arba'in. Amma jininsa bai canja ba, kuma ba zai canja ba har ya yi furfura. Abin tsoro yanzu shi ne jinin ya fashe ya ƙare da sauri, kuma daga Gafasa zuwa inda ake ƙarin jini ba nan kusa ba ne. Kullum ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa a hasken rana. In kika ga sun yi fari fat, ko ido ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya ɓata ƙyalle kamar baƙin shayi, ko ya yi laƙwas yana numfashi sama-sama, ki saɓa shi ki fita. In Nasiru yana gona, ki aika masa ya biyo ki. In ba mota ki hau mashin. Kada ki jira a gama tuwo, kada ki jira a yi shawara da manya, kada ki jira kowane taro ya watse. In an yi fushi, a turo mini fushin nan Gaya, ina da wurin ajiye shi.

Bayan abin ya faru na kasa zama. Na koma karatu da goyonki a bayana, don ina so in san ainihin abin da ya cinye mini yaro. Na san kin fi ni sanin wannan fanni yanzu, amma ke kin san shi da Turancin jami'a, wanda ba ya shiga kunnen kowa a Gafasa. Ga yadda na yi shekaru ina faɗa wa 'yan ajina, ki ɗauka ki faɗa wa mijinki.

Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kowace tana riƙe da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira elektron, su kuma bibbiyu suke zama. Rayuwarmu gaba ɗaya miƙa elektron ce daga hannu zuwa hannu. Ana cire su daga abincin da muka ci, ana miƙawa har su isa ga iskar da muka shaƙa, a hanyar ne jiki ke samun ƙarfi. Wani lokaci sai ɗaya ya suɓuce, a samu ƙwaya mai elektron guda ba abokin zama. Ita ce kuke kira firi radikal. Irin wannan ƙwaya ba ta zama lafiya. Sai ta fizge na maƙwabciyarta, wadda aka fizge wa ita ma ta fizge na ta gaba, haka abin zai yi ta tafiya har bangon ƙwayar jini ya yage. Irin aikin ne ke sa man gyaɗa ya yi maƙaƙi idan ya daɗe a buɗe.

Allah bai bar jiki haka ba. Akwai wani sinadari, glutatayon, aikinsa ya miƙa elektron kyauta ga mai fizgen don ta lafa. Amma da ya bayar hannunsa ya zama wayam, sai an sake cika masa. Mai cikawar shi ne G6PD ɗin nan: yana ciro elektron daga sukarin jini, ya ɗora wa wani ɗan dako, ɗan dakon ya kai wa glutatayon. Sauran sassan jiki suna da wasu hanyoyin samu, jar ƙwayar jini kuwa wannan kaɗai gare ta. A jikin Sulaimanu mai cikawar rarrauna ne. Yana iya ɗaukar hidimar yau da kullum, shi ya sa kike ganinsa ɓul-ɓul ba abin da ke damunsa. Amma in kafur ya shiga, ta hanci ko ta fatar da aka shafe da mai, hanta tana juya shi ya zama abin da ke haifar da masu fizgen nan ba adadi. Glutatayon ya bayar har ya ƙare, ba mai cika masa, sai ƙwayoyin jini su yi ta fashewa. Ɗorawar da ake gani a ido ragowar jinin da ya fashe ce.

Wannan na Nasiru ne, tunda ya yi makaranta. Shi ma ina ciki da shi. Yana tsaye likita ya yi bayani, amma da na kira shi a waya bayan tafiyar mahaifiyarsa sai ya ce mini, "Umma, a bi ta a hankali, kin san halin Hajiya." Na san halin Hajiya, shi kuma bai san halin kafur ba. In ya sake ce miki a bari, ki ce Umma ta ce ya zo Gaya ya wuni guda da Yayanki, ya ba shi abinci, ya kai shi bayan gida, sannan ya dawo ku yi maganar a bi a hankali.

Hajiya kuwa za ta ce miki ta raini 'ya'yanta duka da kafur, ba wanda ya yi ko atishawa. Kada ki musa mata, gaskiya ta faɗa. 'Ya'yanta ba su da wannan jinin. Daga wurinmu ya fito: ni na ba ki, ke kika ba Sulaimanu. Ta wajen uwa yake bi, a jikin 'ya'ya maza ya fi nuna kansa. Nan ne kuskurena na uku, kuma shi ya fi ba ni haushi don da girmana na yi shi. Lokacin da mutanen Nasiru suka zo neman aurenki sun ga Yayanki a zaure, suka tambaya. Babanku ya ce ciwon yara ne ya taɓa shi yana jariri. Ni ina bayan ƙofa ina ji, na bar maganar a haka. Na ji tsoron a ce gidanmu akwai ciwon gado a fasa. Da aka yi gwajin sikila aka ce ba matsala, sai na lallaɓa zuciyata na ce ai shi ke nan. Da tun a lokacin na zaunar da Hajiya na yi mata bayani, mace da mace, da ta daɗe da zubar da kafur ɗinta da hannunta.

Saboda haka ki faɗa mata ƙarara cewa daga jininmu ne. Ki ce, "Hajiya, ba kayanki ne ke da aibi ba, jinin da ya ɗauko daga wajena ne ba ya shiri da kafur, irin na Yayana." Za ki ji nauyin faɗa, na sani. Wataƙila wata a gidan ta riƙe maganar ta goranta miki wata rana. Ki bar ta ta goranta. Ba zunubi kika yi ba, ba kuma abin da zai hana yaron nan girma ya yi noma ya yi karatu ya yi aure, in dai an kiyaye.

Saura kuskurena na ranar Laraba, wanda kika gani da idonki. Na fizge hular daga kan yaron, na warware bargon na yi jifa da shi, na ce, "Hajiya, kashe shi za ki yi?" A gaban matan da ta zo da su na faɗa. Fuskarta ta canja. Ta ce, "Malama, ni zan kashe jikana? Da hular nan na raini ubansa." Ta durƙusa ta tsince kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ninke, ta rufe akwati. Da ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ba komai. In sun koma ɗakinsu na sa masa da hannuna, a can ba mai fizge mini." Ko ruwan gidan nan ba ta sha ba ta tafi.

Cire hular daidai ne, ko yau aka maimaita zan cire. Maganar ce ba daidai ba. Matar nan ta yi shekaru tana adana kayan nan, tana buɗewa tana ƙara kafur, tana jiran ranar da za ta ga ɗan Nasiru a cikinsu. Ƙauna ta ɗauko tun daga Gafasa, ni kuma na kira ta mai kisa a bainar jama'a. Tsohon haushina na kaina na sauke a kanta. Yanzu abin ya tashi daga maganar kafur ya koma maganar mutuncinta, kuma akwatin ya riga ki isa. Ba zan yi mamaki ba in kin same shi a ɗakinki, a gindin gado. Zan je da ƙafata in ba ta haƙuri, na yi alkawari. Amma kafin in je, ke ce a gidan, ke da yaron da akwatin.

Kada ki yi irin shiruna na Kademi, kada kuma ki yi irin haukata ta Laraba. Ranar da kika sauka, kafin a buɗe komai, ki same ta ita kaɗai a ɗakinta. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda ya kamata, ki yi mata bayani, ki nuna mata tafin hannunsa ki koya mata abin da ake dubawa. Sannan ki roƙe ta ta zama mai gadinsa. Na karanci Hajiya, irin matan nan ce da in aka damƙa musu amana ko uban yaron bai isa ya ƙetare ba. Ki saya mata zare ki ce ta saƙa masa sabuwar hula da hannunta.

In ta yarda, alhamdu lillahi. In ta ƙi, akwatin nan dai ba zai kwana ɗaki ɗaya da Sulaimanu ba, ko da za a kira taron dangi a kanki. Kada wani ya ruɗe ki da cewa a wanke kayan a sa masa. Kafur ba ya bin ruwa, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Masu sauƙin sai sun sha rana da iska an sake wankewa har hanci ya daina jin komai, bargon da hulunan saƙa kuwa a haƙura da su. Ki bi ɗakinki lungu-lungu, ƙarƙashin gado da cikin durowa da makewayi, don na san an gyara miki shi kafin ki dawo, kuma a ƙauye gyaran ɗaki ba ya cika sai da kafur. Ki shinshina babbar rigar Juma'ar Nasiru, a akwati take kwana, kuma da ya dawo masallaci ƙirjinsa zai ɗora yaron. Kada a sa masa lalle ko da wasa. Kada a shafa masa man zafi. Kada a ba shi maganin kemis ko na gargajiya sai likitan da ya san jininsa ya gani. In ya yi zazzaɓi a tafi asibiti da wuri, zazzaɓi ma yana tayar da abin. Akwai wani waken ƙasashen waje da ke fasa irin jininsa, waken gidanmu kuwa ba ruwansa, in ya isa cin ƙosai ki bar shi ya ci, kada ki mayar mini da miji abin tausayi.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda ban taɓa faɗa miki da baki ba don ba zan iya ba. A Kademi an yabe ni ƙwarai. Ana cewa ba a taɓa ganin 'yar boko mai kunyar ɗan fari irina ba, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ina jin daɗin yabon kuwa. Bayan mun dawo daga asibiti ma ban fasa ba, "yaron nan" nake cewa, ko "shi". Sai wata rana, ya ɗan tasa, gida ba kowa an tafi biki. Yana jingine da turmi a tsakar gida ya ba ni baya, yana ta fama ya kama wani murfin kwano. Na dube shi na ce yau dai zan kira ɗana. Na kira sunansa a hankali. Bai juyo ba. Na ɗaga murya. Na matso har bayansa na yi ta kira, ina kira ina kuka, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Bai juyo ba, Sa'adatu. Likita ya riga ya gaya mana, amma sai ranar na gane. 'Yan kwanakin da kunnensa ke ji a duniya su ne na farkon nan, ni kuma na ƙarar da su ina kallon bango don kada a yi mini dariya. Har yau bai taɓa jin sunansa daga bakina ba.

Naki yana ji. Jiya murfin tukunya ya faɗi a madafa, na ga ya zabura a hannunki. Ki dube shi a gaban kowa, ki kira shi, ki yi magana a kansa da muryar da za a ji daga zaure.

Babanku yana gaishe ki, ya ce Allah ya yi miki albarka. Yayanki tun safe yake nuna jakunkunanki yana ɓata rai, ya gane tafiya za ku yi, ki shiga ki yi masa sallama ki ɗora masa yaron a cinya kafin ku fita. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce ina nan tafe. Allah ya tsare hanyarku, ya tsare ɗakinku, ya tsare jinin Sulaimanu daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Allah ya ba ki bakin da ni na rasa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
uwar Haruna.